Guɗa a Kan Dutsen Kagoro

Autarmu ce ta kawo maganar. Ta yi hidimar ƙasa a wata makaranta da ke gindin duwatsun Kagoro, kuma tun da ta dawo Kaduna ba ta da hira sai ta dutse. In ana cin tuwo ta ce na can ya fi daɗi. In an ce yau ana sanyi a unguwarmu ta Kawo ta yi dariya, ta ce mu ai labarin sanyi muke ji, ba mu taɓa haɗuwa da shi ba. A lokacin a wurinmu take zaune tana jiran aiki, a gidanmu da ke bayan tashar mota, inda tun da asuba ake jin 'yan kamasho suna kiran Zariya da Kano.

Ni kuwa daga gida sai ofis, daga ofis sai gida. Ko benen sakatariya in zan hau, sai na tsaya a tsakiya na yi kamar ina duba waya, alhali numfashi nake mayarwa. Maigidana shi ma ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai fara'a da ɗan tumbinsa, kuma tsakaninsa da Auta kullum tsokana ce irin ta miji da ƙanwar mata. Wani dare muna cin abinci ta sake ɗauko zancen, sai ya ajiye cokali.

"Ke Auta, kin ishe mu da dutsen nan. Ni da kike gani sikawut na yi a makaranta. Duwatsun da na hau, ko a hoto ba ki gan su ba."

"To Yallaɓai, ga fili ga mai doki," in ji ta. "Asabar ta sama. Mu hau, mu kwana, mu sauko Lahadi. Kuma da Yaya za mu."

"Da wa?" na ce. "Ku dai da kuka ga za ku iya."

Na ɗauka wasa ne. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo daga kasuwar gwanjo da wata jakar goyo da ta kusa kai shi tsawo, da wata ƙarama da ya ce tawa ce. Ya aro tanti a wurin wani abokin aikinsa. Ya yi ta bugun waya yana tambayar lafiyar hanya har hankalinsa ya kwanta. Ita ma Auta ta aika wa wata dattijuwa da ke zaune a ƙauyen da ke can saman dutsen, kakar wata ɗalibarta, wadda ta sha sauke ta. Amsa ta zo cewa mu taho, amma mu zo da bargo. Da na ga abin ya zama gaske sai na ji wani abu yana motsi a raina, rabi tsoro rabi ɗoki. Na gwada takalmin kambas na babban ɗanmu, ya yi mini daidai.

Ranar Juma'a da yamma muka kai yara Unguwar Kanawa wurin Hajiyarmu. Ta saurari bayaninmu har ƙarshe tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah," ta ce. "Mutane na neman inda za su fake wa sanyi, ku kuma kuna bin sa har gidansa. Ita wannan dama ba ta da hankali," ta nuna Auta, "amma ke da girmanki?"

Duk da haka ta shiga ɗaki ta fito mana da dambun nama a leda, da man kaɗanya, da bargonta mai nauyi wanda ba ta ba kowa aro. Ta yi mana addu'a doguwa, ta ce in mun ga ba dama mu juyo, dutse ba ya jin haushi.

Washegari da muka idar da sallar asuba muka kama hanya a tsohuwar motarmu. Muka ƙetare gada gari bai gama waye ba, masu shayi ne kawai a bakin titi da mutanen da suka kewaye wuta suna miƙa mata tafin hannu. Auta ta yi barci a baya. Ni na ƙi runtsawa, don rabon da in bar Kaduna ba don biki ko gaisuwar mutuwa ba har na manta. Da hantsi ya ɗaga sai duwatsun suka fara bayyana, da fari kamar hadari a nesa, daga baya suka tsaya mana a gaba, baƙaƙe, dogaye, da ciyawa busasshiya mai ruwan zinariya a jikinsu. Maigidana ya rage gudu ya leƙa ta gilashi.

"Auta, wanne ne namu?"

"Wancan mai tsawon."

"To," ya ce. Ya ci gaba da tuƙi.

Muka bar motar a gidan da Auta ta zauna lokacin hidimarta, muka goya jakunkuna, kowa ya samu sanda. Na sa dogon wando a ƙarƙashin riga, na ɗaure ƙaramin hijabi, na ɗora rigar sanyi. Ba mu yi nisa ba na cire rigar sanyin, don gumi ya fara bin bayana.

Farkon hawan ne ya fi ba ni wuya. Hanyar siririya ce, duwatsu ne aka jera kamar matakala, wani wurin kuma sai an dafa da hannu. Ƙirjina ya ɗauki zafi, kunnuwana suna bugawa, igiyar jaka tana cin kafaɗata. Na fara tsara yadda zan ce musu su je su dawo, ni zan jira a mota. A gindin wata bishiyar ɗorawa na zube. Auta ta zauna kusa da ni, ta ba ni dabino da ruwa.

"Yaya, kin cika sauri," ta ce. "Tafiya kike kamar kin makara ofis. Ba wanda ke jiranmu da rajista a sama. Ki taka kaɗan-kaɗan, kuma ki daina kallon ƙololuwa, ki kalli inda za ki sa ƙafa."

Na bi maganarta. Abin mamaki, can sai ƙafata ta gane hanya, numfashina ya daidaita. Na fara ganin abin da ke gefena: ƙadangaru masu jan kai suna shanya a rana, wani ɗan ruwa yana tsiyaya ta tsagar dutse, sanyinsa har cikin haƙori. Da na waiwaya, garin da muka baro ya koma ƙanana-ƙananan rufin kwano suna walƙiya. Na ji dariya ta zo mini haka kawai.

Maigidana ne a baya. Tun muna ƙasa yake ba mu labarin sikawut, amma da tafiya ta yi tafiya labarin ya ƙare, sai huci. Duk lokacin da muka jira shi sai ya ce ba gajiya ya yi ba, tsare mana baya yake, haka aka koya musu.

Wajen azahar muka iso wani wuri da manyan duwatsu biyu suka jingina da juna, suka bar 'yar kafa a tsakani. Nan ce hanyar, babu wata. Auta ta sulale ta wuce. Ni na cire jakata na riƙe a hannu, na bi a karkace. Maigidana ya ce shi ba sai ya sauke kaya ba. Ya shiga da ƙarfinsa, kafaɗa ta wuce, tumbi ya wuce da ƙyar, jaka ta ce ba ta san zancen ba. Ya yi gaba ta ƙi, ya yi baya ta ƙi. Hannayensa kuma suna cikin igiya, ba damar ya zare su.

"Uwargida," ya kira ni, muryarsa a sanyaye, "ku ɗan zo."

Muka juyo muka gan shi a maƙale, hularsa ta karkace, ƙafafunsa suna neman ƙasa. Auta ta durƙusa tana dariya har da hawaye. Ni na yi ƙoƙarin in riƙe tawa don in kare masa mutunci, amma da ya ce, "Ba abin dariya ba ne fa," sai ta ƙwace mini.

Dole Auta ta haura ta saman dutsen ta dira a bayansa, ta buɗe jakar ta fara fito da kaya don ta rage mata ciki. Tana cirowa tana shela. Ga tanti, wannan an san da shi. Ga risho da butar shayi. Ga rediyo. Ga gwangwanin madara babba, ba a ma fasa shi ba. Sannan ta ɗago wani abu sama da hannu biyu don in gani ta saman kansa. Matashin kansa ne na gida, da rigarsa mai fure wadda ni na ɗinka.

"Yallaɓai! Sikawut da filo?"

"Wuyana ne ba ya son wani," ya ce. "Ke dai tura ni."

Ta tura, na ja, ya fito fit kamar an zare toshiyar kwalba, muka zube tare a kan ciyawa. Ya kwanta rigingine yana dariya, tumbinsa na rawa, ya ce wallahi a makarantar ma mako biyu kawai ya yi a sikawut aka ce ya koma ƙungiyar muhawara. A nan muka yi alwala da ruwan gorarmu, muka shimfiɗa tabarma a kan falalen dutse muka yi azahar. Muka ci dambun Hajiya da burodi. Ban taɓa sanin burodi yana da daɗi haka ba.

Ban zaci akwai fili a saman dutse ba. Na ɗauka tsini ne za mu tarar. Amma da muka haura tudun ƙarshe sai ga ƙasa shimfiɗe, ga gonaki an girbe, ga bishiyoyin mangwaro sun yi fure, ga gidaje jefi-jefi. An baza citta a kan duwatsu tana bushewa, ƙamshinta ya cika iska har yana sa atishawa. Iskar kuwa ba irin ta ƙasa ba ce. Gumin da ke jikina ya koma ƙanƙara nan take, na lalubo rigar sanyina da sauri.

Dattijuwar ta hango mu daga nesa ta taho da sauri, 'yar gajeriya, ta ɗaura zane a kan wata tsohuwar rigar sanyi ta maza. Ta rungume Auta tana cewa, "Malama! Malama ta dawo!" Sannan ta kama hannuna da nata biyu, masu kaushi da ɗumi.

"Ke ce yayar? Sannu 'yata, sannu da hawa. Kin yi ƙoƙari." Ta dubi maigidana da jakarsa. "Kai kuma ƙaura ka yi?"

Mama muka riƙa kiranta, yadda Auta ke kiranta. Ta nuna mana ɗakin da ta share mana, maigidana ya yi godiya ya ce ai mun zo da namu. Ya zazzage tantin a bayan gidan, ya tsaya yana jujjuya sandunansa. Da ƙyar muka gane gabansa da bayansa. Mun ɗaga shi ke nan, kafin a kafa turaku, iska ta shiga cikinsa ta cika shi, ya tashi sama ya yi cikin gonar acca yana gangarawa. Mu uku muka bi shi a guje, karen gidan ya biyo mu yana haushi, Mama ta riƙe ƙugu tana dariya har tana tari. Bishiya ce ta tare mana shi. Da muka dawo da shi Mama ta sa muka kafa shi a jikin rumbunta inda iska ba ta bugowa, muka danne gefunansa da duwatsu.

Auta ta ce ita kam ɗaki za ta kwana, ta riga ta ci wannan jarrabawar tun bara. Mama ta ce ni ma in shigo, a bar namiji da rigimarsa. Har na ɗauki jakata, sai na tsaya. Na ce a raina, duk wannan hawan da na yi don in kwana a ɗaki ne? Na ce mata a tanti zan kwana. Na ga yadda maigidana ya ji daɗi.

Da rana ta kusa faɗuwa Mama ta kawo mana ruwan ɗumi a tukunya. Ita Kirista ce, amma ba mu tambaya ba ta ce, "Ga na alwala, kada ku taɓa na randa, zai yanke muku yatsu. Gabas kuma ga ta can, wajen bishiyar nan." Bayan magariba ta kawo tuwon acca da miyar karkashi, ta ce mu ci hankali kwance, kifi ne a ciki busasshe, ba nama. Muka ba ta sauran dambun da gwangwanin madarar, wanda maigidana ya ce dama don ita ya ɗauko shi. Auta ta ce Allah ya shirye shi.

Muka kewaye wuta a tsakar gidan, aka dafa shayi da ɗanyar citta mai yaji har maƙogwaro. Mama ta ba mu labarin zuwanta Kaduna sau ɗaya tak, wurin wani ɗanta da ya yi aiki a Abakpa. Ta ce abin da ya dame ta shi ne duk inda ta duba bango ne, ido ba ya samun wurin miƙewa. Ta ce kwana kaɗan ta yi ta ce a mayar da ita. Ana idar da isha'i muka shige tanti, don sanyin ya fara shiga ƙashi. Muka shafe ƙafafu da man kaɗanya, muka sa safa, muka lulluɓa da bargon Hajiya. Filon nan da aka yi wa dariya, ni na kwana a kansa.

Da asuba yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Raɓa ta jiƙe tantin sharkaf, in mutum ya yi magana sai tururi ya fito daga bakinsa. Muka yi salla muna karkarwa. Auta ta fito a nannaɗe da zane ta ce mu biyo ta yanzu, kada mu tsaya shayi. Muka bi ta ta cikin ciyawa mai jiƙa har bakin wani dutse, inda ƙasar ta yanke.

Ban ga garin ba, ban ga hanya ba. Gajimare ne fari fat a ƙarƙashinmu, shimfiɗe kamar audugar da aka baza, kawunan duwatsu sun ɓullo ta cikinsa nan da can. Ni da na saba ɗaga kai in kalli gajimare, yau ga shi ina leƙa shi. Gabas ta yi ja, ta koma ruwan lemo, sannan gefen rana ya fito, hasken ya zubo a kan farin nan gaba ɗaya. Maigidana yana ta "Subhanallah" a hankali. Ɗumin ranar ya taɓa fuskata.

Ina budurwa ni ce mai guɗa a gidanmu. Duk bikin da aka yi a dangi ni ake turawa gaba in an ɗauko amarya. Da na yi aure, na haihu, na fara aiki, sai na bar wa yara, har na manta ina da wannan muryar. A bakin dutsen nan ban yi shawara da kowa ba. Na kama hancina na rangaɗa guɗa, doguwa, tun daga cikin cikina.

Sai duwatsun suka dawo mini da ita. Na gabanmu ya amsa, na bayansa ya karɓa, ta yi ta tafiya tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Maigidana ya juyo yana kallona baki buɗe, don tunda muke bai taɓa ji ba. Kafin ya yi magana, sai muka ji wata guɗar daga cikin ƙauyen, ba tawa ba, ta wata mata. Wata ta karɓa daga gidan da ke can gefe, wata kuma daga wajen rafi. Irin tasu ta ɗan bambanta da tamu, ta fi kaifi, amma guɗa ce. Na sake yi, suka sake amsawa. Auta tana tsalle tana tafi. Ni kuwa dariya nake, hawaye na zuba, sanyi na busar da su a kumatuna.

Muna komawa muka tarar da Mama a ƙofar gida da wasu mata biyu, maƙwabtanta, ɗaya da muciya a hannu.

"Wa ya haihu?" in ji Mama. "Ko aure aka ɗaura ba a gaya mana ba?"

Maigidana ya gyara hularsa ya matso gaba. "Ni ne angon, Mama."

Matan suka fashe da dariya, mai muciyar ta sake rangaɗa wata a kansa. Suka zauna muka sha kunun acca tare, suna tambayata yara nawa gare ni, ina tambayarsu yadda suke sauka kasuwa da kaya a ka ta wannan hanyar. Da za mu tafi Mama ta cika mini jaka da citta, na ce ta yi yawa, ta ce ai gangara ce, kaya ba ya nauyi. Ta raka mu har bakin tudu, ta tsaya tana ɗaga hannu.

Ba gaskiya ta faɗa ba, saukar ta fi hawan cin gwiwa. Wani wurin ma da zama na sauko. A kafar duwatsun nan maigidana ya sauke jakarsa tun ba a ce masa ba, ya miƙa wa Auta, ya bi a karkace yana riƙe da numfashi.

Mun shigo Kaduna da yamma, fitilun motoci sun fara kamawa a kan gada. A ƙofar gidan Hajiya yara suka fito da gudu, amma daga ni har ubansu ba wanda ya iya fitowa daga mota da kansa. Jikin ya sandare a zaune. Babban ɗanmu ne ya kama babansa, Auta ta kama ni, muka shiga muna tafiya kamar masu koyon tatata. Hajiya ta dube mu ta girgiza kai, ta sa aka ɗora ruwan zafi. A kan kujera muka yi magariba, ni da shi, don ruku'u ya gagara.

Bayan an ci abinci na kwanta rubda ciki a kan tabarmar Hajiya, ƙaramar 'yarmu ta hau bayana tana taka mini ƙafafu, tana cewa in ba ta labari tun daga farko. Na fara, na kai wajen bishiyar ɗorawa. Sauran a bakin Auta suka ji, don ni barci ya ɗauke ni.